Aron Ƙafa

Litinin, 3 ga wata, takwas saura kwata na safe

Na dawo. Takalmin nan ya fara shan ruwa ta gefen hagu, safata ta jiƙe sharkaf.

Inna ta yi magana yau, amma muryar kamar daga cikin rijiya. Kwananta uku ke nan a asibiti. Yaya ne ya riƙe mata wayar a kunne, ina jin numfashinsa a gefe. Na yi mata tafiyar kamar kullum: na sauko bene hawa huɗu, na wuce mai burodi yana ɗaga ƙofar shagonsa, na bi bakin ruwa har gada, na ƙetare zuwa lambu, na zagayo ta tashar bas. Minti hamsin.

Shekara uku muna haka ni da ita, tun da likitan nan ya ce jinina ya hau, in dinga tafiya kowace safiya. Ranar da na fara gaya mata, dariya ta yi har da tari. "Tafiya ba saye ba sayarwa? Auta, mai yin wannan ai ɗaure shi ake yi." Matar da ta shekara talatin tana yawon dillancin atamfa gida-gida ba za ta gane tafiyar banza ba. Amma da gwiwa ta zaunar da ita, ido kuma ya rufe, ita da bakinta ta ce, "To ara mini ƙafafun naki, tunda ba ki san abin yi da su ba." Tun daga nan in na fita sai in kira ta, in gaya mata duk abin da na gani, ita kuma ta raɗa wa kowa suna.

Akwai wani ƙaton kare da ke jan wani siririn tsoho a bakin ruwa. Inna ta ce karen shi ne Manaja, tsohon kuma Masinja. Kullum saƙonta ɗaya ne: "Ki gaida Manaja. Masinja kuwa ya yi haƙuri, aiki ne." Akwai kuma Mai Tsintsiya, matar da ke share gada. Ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ka, sai kalma biyu da na koya mata. Takan jingine tsintsiyar ta duƙo kan wayata ta ce, "Sannu Inna." Inna ta ce, "Yauwa 'yar albarka, a share da kyau." Yau Inna ba ta amsa mata ba. Yaya ya ce barci ya ɗauke ta.

Fasfona wata biyar ke nan a ofishin takardun zama. Dokarsu a fili take: in na ce a dawo mini da shi kafin su yanke hukunci, nemana ya mutu, in na fita ƙasar ba dawowa. 'Yata Takwara, mai sunan Inna, shekararta tara. A nan aka haife ta, a nan makarantarta take, a nan babanta yake tuƙin bas ɗinsa. Jiya na cike takardar janyewa, na sa a ambulan, na manna kan sarki. Akwatin wasiƙa yana gindin gada.

Yau na wuce shi.

Talata, 4 ga wata, takwas na safe

Yaya dai cikinsa ba ya ajiye magana, tun muna yara. Ya gaya mata.

Ina isa gindin gada ta ce, "Auta, me ke cikin aljihunki?"

Na ce, "Hannuna ne, Inna. Sanyi ake yi."

"Ƙarya ba ta taɓa yi miki kyau ba. Buɗe kunnenki. Kika jefa takardar nan, kika baro mini takwarata ba uwa, ban yafe ba. Me za ki zo ki yi mini? Ke likita ce? Ni da ba gani nake yi ba, ko kin zo muryar ce dai zan ji, ga ta kuwa ina ji."

Na yi kuka a tsaye, mutane suna kewaye ni da kekunansu. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ina muka kai?"

Na ce, "Gada."

"To ƙetare da ni, kin tsai da ni cikin sanyi."

Ta gaida Manaja. Ta amsa wa Mai Tsintsiya. A lambu ta tambaye ni ko ganyen ya gama zuba, na ce saura kaɗan. Na ji daɗi yau, Allah ya sani, na ji daɗi.

Laraba, 5 ga wata, takwas saura goma

An canja mata ɗaki, ba a shiga da waya. Yaya ya ce in dinga ɗaukar muryata ina turo masa, in an bar shi ya shiga sai ya kunna mata. Na yi tafiyar ina magana ni kaɗai. Ashe ɗaurewar da Inna ta ce ta zo.

Alhamis, 6 ga wata, takwas

Ya kunna mata rabi. Ya ce ta motsa hannu.

Juma'a, 7 ga wata, tara saura na safe

Bai buɗe saƙon ba.

Juma'a, shida na yamma

Har yanzu bai buɗe ba. Na kira sau bakwai.

Baban Takwara ya dawo ƙarfe uku. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya sauko da shi daga bas. Ya ce kansa ke ciwo. Ya shiga banɗaki da waya, ya kunna famfo, ya daɗe. Da ya fito sai ya naɗe hannun riga ya hau wanke-wanke. Shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa ganin ya ɗauraye ko cokali ba. Ya fasa mini kofi ɗaya.

Asabar, 8 ga wata, takwas da rabi

Yaya ya rubuto, bai kira ba. "Auta yi haƙuri, caji ne ya ƙare jiya. Jiki da sauƙi. Ta ji saƙonki, ta yi murmushi. Ta ce a gaida mai karen."

Mai karen.

Mutum in ba shi da lafiya yakan yi mantuwa. Magani ma yana sa haka. Na taɓa ji.

Lahadi, 9 ga wata, biyar na yamma

Matar mai aski ta zo, tare da matar da muke haɗuwa wajen ɗaukar yara. Kula biyu suka shigo da su, abinci kamar za a ciyar da unguwa. Wai hanya ce ta biyo da su. Wace hanya ce ke hawa bene huɗu da kula?

Sun zauna a bakin kujera, hannu a cinya. Mun yi hirar sanyi, mun yi hirar tsadar tumatir, mun yi hirar makaranta. Awa ɗaya da rabi. Duk sun san Inna tana kwance, makon jiya har a bas sai an tsai da ni. Yau ko ɗaya a cikinsu ba ta ce mini ya mai jiki ba.

Na raka su har ƙasa, na yi godiya sosai.

Litinin, 10 ga wata, takwas

Na kira daga lambu, ya ɗauka, ina jin cikin kuskure ne. Muryoyin mata da yawa a bayansa, ana ta shige da fice, sai ga zakara ya yi cara.

Na ce, "Yaya, asibitin naku har da zakara?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na leƙo gida ne ɗaukar kaya. Auta, bari in kira ki."

Bai kira ba. Ambulan ya fara laushi a aljihu, gefensa ya naɗe. Na tsaya gaban akwatin har agogon tasha ya buga. In na jefa, na tafi in tarar da me? In ban jefa ba, ina nan ina jiran me? Gaba kura, baya sayaki.

Talata, 11 ga wata, huɗu da rabi na yamma

A kamfanin wankin da nake aiki yau an sa ni a injin guga, ni da abokiyar aikina Doguwa. Aikin ba wuya: ta kama gefe biyu na zanin gado, in kama biyu, mu miƙar, mu sa wa injin a baki, ya fito da zafinsa mu ninke. Zanin otel ɗari uku a yini, duk farare. Shekara shida ina yi, ko ido rufe zan iya.

Wajen na arba'in, muka miƙar da wani, fari tas, dogo, Doguwa tana can ina nan, sai hannuna ya ƙi. Na sake shi ya faɗi ƙasa. Na je na roƙi shugabar aiki ta mai da ni wajen rigunan ma'aikata, na ce tururi ke sa ni jiri. Rigunan shuɗaye ne.

Laraba, 12 ga wata, takwas saura

Yau a kan gada na ɗauki wannan: "Yaya, ka tambayar mini Inna, wane suna ta sa wa karen nan?" Daƙiƙa shida. Na saurara sau uku. Yatsana yana kan wurin turawa.

Na goge.

Alhamis, 13 ga wata, takwas

Na yi saƙon yau a tsanake, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Na ce, "Inna, ga Manaja nan, karen nan da kika sa wa Manaja, yana jan Masinja, tsohon nan. Na san za ki ce in gaida Manaja, Masinja kuwa ya yi haƙuri, aiki ne." Da Mai Tsintsiya ta duƙo ta yi gaisuwarta, na ce, "Inna, ga 'yar albarka, wadda kike cewa ta share da kyau."

Ban san me ya sa na yi haka ba.

Na sani.

Juma'a, 14 ga wata, tara

Ya rubuto: "Inna ta ce ki gaida Manaja. Masinja ya yi haƙuri, aiki ne. 'Yar albarka ta share da kyau."

Daidai, ba kuskure ko ɗaya. Na zauna a matakalar bene na biyu na yi kuka har maƙwabciya ta buɗe ƙofa ta sake rufewa. Da ma ya ci gaba da cewa mai karen, ya fi mini sauƙi.

Mako guda yau.

Mako guda da me? Ban rubuta komai ba.

Lahadi, 16 ga wata, goma na safe

Takwara ta ce sai ta bi ni. Na naɗe ta da riguna uku, muka fita. Tana ta zuba: malamarsu ta yi aski, ƙawarta ta ce za a saya mata zomo, me ya sa agwagi ba sa jin sanyi. Ta ce, "Mama, ni ma zan yi wa takwarata magana." Na miƙa mata. Ta ce, "Takwara, ki warke da wuri, na iya ninkawa har gidan bakwai." Ta karanto mata shi duka, ta yi kuskure a bakwai sau takwas.

A gindin gada ta zura hannunta cikin aljihuna don ɗumi, sai ta zaro ambulan. Yarinyar nan ba abin da take so kamar jefa wasiƙa. Kafin in ankara ta ruga, ta yi ɗage, ta ɗaga murfin akwatin.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Har Manaja sai da ya tsaya. Na fizge ambulan, na fizge hannunta, ta fashe da kuka tana cewa ai taimako take yi. Na durƙusa a jiƙaƙƙen dutse na rungume ta. Saura kaɗan ta raba ni da ita da hannunta.

To ashe ba zan jefa ba. Ashe tun tuni ba zan jefa ba, yawo kawai nake yi da shi don in ce wa kaina ina da niyya. Wace irin 'ya ce ni?

Talata, 18 ga wata, bakwai na yamma

Na yi wa Baban Takwara tas a kan ya bar takalmi a bakin ƙofa. Takalmin da shekara da shekaru a nan yake barin sa. Na ce masa ba shi da tausayi, na ce masa ni baiwa ce a gidan nan, na faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kaɗa. Ya rame, sai yau na lura.

Ya ce, "Maman Takwara, zauna. Akwai maganar da..."

Na ce, "Shinkafata za ta kama."

Ba shinkafa a wuta. Na shiga kicin na kunna famfo. Ni ma na iya.

Alhamis, 20 ga wata, takwas

Na tafi. Na dawo. Ganyen ya gama zuba, na gaya mata.

Asabar, 22 ga wata, sha ɗaya na safe

Ban fita da sassafe ba. Karo na farko a shekara uku, ban da ranar da Takwara ta yi ƙyanda. Na farka a kan lokaci, na ga takalmin, na juya fuskata bango. Na gaji da mai burodi, na gaji da gada, na gaji da muryata. Na gaji da garin nan da kowa yake tafe da sauri kamar uwarsa ba za ta taɓa tsufa ba. Na tsani ofishin nan da mutanen cikinsa da ban taɓa gani ba, masu shan shayi a kan fasfona. Na tsani ranar da na hau jirgi ina murna, Inna tana cusa mini turare a jaka tana cewa shekara biyu ai kamar gobe ne. Shekara goma ke nan. Sau biyu na je.

Ƙarfe goma waya ta yi ƙara. Yaya ne. "Auta, yau shiru? Lafiya? Ana jiran saƙon."

Bai ce Inna tana jira ba. Ana jira, ya ce.

Na tashi na sa takalmi.

Litinin, 24 ga wata, takwas

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba Manaja, ba Mai Tsintsiya, ba kowa. Na ƙirƙiro mata su duka. Har na ce Masinja ya yi sabuwar hula.

Talata, 25 ga wata, biyar na yamma

Ya zo. Mai kawo wasiƙa ya hau har sama, na sa hannu. Fasfo, da kati a cikin 'yar leda, da takarda mai layi huɗu. Sun amince. Ina iya fita, ina iya dawowa.

Wata biyar da mako uku ina roƙon Allah wannan takarda. Na ajiye ta a kan firij, na ci gaba da yankan albasa. Baban Takwara ya shigo ya gani, ya ɗauka, ya karanta, ya zauna a ƙasa da kayan aikinsa ya rufe fuska da hula. Takwara tana ta tsalle, wai za mu je wajen takwararta.

Ya ce, "Maman Takwara."

Na ce, "Ka bari sai gobe. Don Allah ka bar mini safiyar gobe."

Laraba, 26 ga wata, tara na safe

Na bari sai da na hau gada sannan na kira. Ya ɗauka a bugun farko.

Na ce, "Yaya, takarda ta fito. Ka huta haka nan."

Sai na ji wani sauti da rabona da jin sa tun ranar da aka fita da Baba. Yayana, mai jikoki biyu. Na riƙe ƙarfen gada na jira shi.

Na ce, "Juma'a ce, ko? Bakwai ga wata."

Ya ce da hantsi. Ya ce ba ta sha wuya ba. Ya ce daren Laraba ta sa shi ya dafa kanta ya yi alkawari, kada wanda ya gaya mini sai takarda ta fito, don ta san ni, ko gaisuwa ce sai na taho. Yayan da cikinsa ba ya ajiye magana ya ajiye wannan kwana goma sha tara.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka ce a gaida mai karen."

"To Auta, me ya sa kika ci gaba da turowa?"

"Kai me ya sa kake saurara?"

Ya ce a ɗakinta yake kunnawa, kowace safiya, a bakin gadonta. Ya ce yanzu ya san hanyar tawa kamar shi ya gina ta. Ya tambaye ni ko da gaske Masinja ya yi sabuwar hula. Na ce ƙarya ce. Muka yi dariya, irin wadda gara kuka da ita.

Na yayyaga ambulan na zuba a kwandon Mai Tsintsiya. Baban Takwara ya ce zai nemo mana jirgin Asabar. Zan je in ga tarin ƙasar kabarinta, in ga tabarmarta, in ga mutane suna ce mini sannu. Na yi biyayya, Inna. Ga ladan biyayyar nan a kan firij.

Alhamis, 27 ga wata, takwas saura kwata na safe

Na bar wayar a gida.

Mai burodi ya ɗaga ƙofarsa. Manaja ya ja Masinja. A kan gada Mai Tsintsiya ta jingine tsintsiyarta kamar kullum, ta duƙo, bakinta a buɗe za ta yi gaisuwa, sai ta ga hannuna ba komai. Ta dubi ɗayan hannun. Ta dubi fuskata. Da wane harshen ma za mu yi magana? Ta cire safar hannunta ta kama nawa, ta taka da ni har ƙarshen gada, sannan ta koma kan shararta.

Na ƙarasa zagayen. Minti arba'in ne ashe, in ba a magana.

A hanya wani mai keke ya yi faɗa da agwagwa, agwagwar ta ci nasara. Wata mata ta fito da takalmi ƙafa ɗaya baƙi, ɗaya ja, tana tafe tana yanga. Masinja kuma yau da gaske ya yi sabuwar hula. Abu uku ke nan da za su ba ta dariya. Na hawo da su bene huɗu, ga ni zaune da su, ban san wa zan kai wa ba.